Hular Nazifi a Cinyar Koci

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban da Asabar ɗin da Koci ya zauna a bakin fili da hular kwanon Nazifi a cinyarsa. Ku da kuka same ni a wannan sito kuna ganin baƙin hali ne kawai yake sa in hana ɗan wasa kayansa idan likita bai yarda ba. Na ma ji ana ce mini Baba Makulli a bayan idona, kuma na san bakin da ya fara. To ku gyara zama ku ji inda na samo halin.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar makarantar horar da 'yan wasa a bayan garin Doha. Wani attajiri ne ya kafa ta, Mudir muke ce masa, kuma ba tamaula ake koyarwa ba, ƙwallon Amurka ce. Ga wanda bai san ta ba, ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga, ƙarti kuma su jeru gaba da gaba, da an ba da alama sai su kara da juna da dukkan ƙarfinsu. Shi ya sa kowa yake sa sulke a kafaɗa da hular kwano a ka, kuma doka ce, ba mai taka fili babu hula. Lissafin Mudir mai sauƙi ne. Doha cike take da manyan ƙarti 'yan Afirka masu gadi da ɗaukar kaya. Idan aka tace aka samu ko mutum ɗaya da ƙungiyoyin Amurka za su ɗauka, makarantar ta yi suna.

Mudir ne a sama, sai Koci, sai mataimakansa biyu, sai likita da yake zuwa ranakun atisaye, sai ni can ƙasa, mai kula da kaya. Ni ke wanke riguna, ni ke gyara sulke, ni ke auna kan kowane ɗan wasa in daidaita masa hularsa. Da yake na yi shekaru ina tuƙa Turawa kafin nan, ni ne kuma tafinta idan Turancin Koci ya fi ƙarfin yaranmu, wanda kusan kullum ne.

Koci Ba'amurke ne, tsoho, dogo, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Shi ma ya buga wasan yana saurayi har gwiwarsa ta lalace, sai ya koma koyarwa. Ya fara daga tushe, yana kwasar kaya yana haɗa wa manya hotunan wasa a wata ƙaramar jami'a. Daga nan ya zama mataimaki, ya yi ta hawa har ya shiga manyan ƙungiyoyin da ake biyan 'yan wasa, ya taɓa riƙe shugabancin ɗaya daga cikinsu na ɗan lokaci. Ya gaya mini a sana'arsu ba a tambayar ko za a kore ka, sai dai yaushe. Kakar wasa tana ƙarewa, washegari a kira ka ofis, a gode maka, a karɓi makulli. An yi masa haka a garuruwa da dama, har matarsa ta gaji da ƙaura ta tsaya a ɗaya daga cikinsu, shi ya wuce. Lokacin da ya zo Doha wayarsa ta daɗe da daina ƙara, kuma bai ɓoye mana ba cewa ya zo ne ya nemi hanyar komawa.

Hanyar kuwa Nazifi ce. Mutumin Malumfashi ne, yana gadi a wani bene a unguwar Bin Mahmud lokacin da ɗaya daga cikin mataimakan ya gan shi ya cika ƙofa. Ban taɓa ganin mai girman jikinsa da saurin ƙafarsa ba. Kansa ma babu hular da ta shiga a duk sitona, sai da aka yi odar tasa daban daga waje, muka yi ta jira. Ina tsokanarsa cewa da kan nan aka haife shi, to mahaifiyarsa ta gama aikin Aljannarta tun ranar. Sai ya yi dariya ya ce, "Kawu Usman, ka bar ni da kaina, shi ne jarina."

Nazifi bai shigo da ƙafa ɗaya ba. Ya bar kamfanin gadin gaba ɗaya, ya mayar da zamansa ƙarƙashin makarantar, wato Mudir ya zama kafil ɗinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Kun san abin da wannan yake nufi a nan: idan makarantar ta sake shi bai samu wani wurin ba, sai gida. Yana da mata da 'ya ɗaya a can, kuma duk dangi sun ji labarin cewa Amurka za shi.

Da sanyi ya shigo, Koci ya tara mu ya ce wani mai neman 'yan wasa zai zo daga Amurka ranar Asabar, tsohon ɗan wasansa ne. Ya riga ya ga Nazifi a bidiyo, abin da ya rage ya gan shi da ido yana karo da mutane. Idan ya gamsu zai tafi da shi, kuma an yi wa Koci alkawarin kujerar kula da 'yan wasan da ake ɗaukowa daga ƙasashen waje. Idan bai gamsu ba, ba wata Asabar ɗin, don a daren jirginsa zai tashi, kuma shekarun Nazifi sun kai gaɓar da baɗi ba za a ko kalle shi ba. Kowa a makarantar, har mai shara, ya san abin da ke rataye a wuyan ranar.

A tsakiyar makon ne abin ya faru. Bayan La'asar muke fara atisaye mu tashi da Magariba. Ana cikin karo, gwiwar wani ɗan Ghana ta sami Nazifi a gefen kai lokacin da yake faɗuwa. Ya ɗan jima a ƙasa, sannan ya miƙe yana kaɗa hannu wai ba komai. Ka'ida ita ce duk wanda ya bugu a ka sai likita ya duba shi a bakin fili: ya tambaye shi ina muke, wace rana ce, ya sa shi ya bi yatsa da ido, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Nazifi ya ci duka. Likitan mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Ya ce a yanzu bai ga komai ba, amma irin wannan bugun wani lokaci sai daga baya yake nuna kansa, don haka a sa masa ido.

Muna da ɗan wurin salla a bayan sito, kuma Nazifi ne limaminmu, don duk ya fi mu karatu da murya. Muka jeru, mu Hausawa da 'yan Zangon Ghana da wasu 'yan Sudan biyu. Ya kabbara, ya fara Fatiha, ya zo tsakiya ya tsaya. Muka ɗauka numfashi yake ja. Sai ya koma farko, ya sake zuwa daidai wurin, ya sake tsayawa. Wani daga baya ya ja masa baki, ya kama, ya yi gaba kaɗan, ya sake kakarewa. Da ƙyar muka kai sallama.

Ina ɗaura takalmi ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Kawu, mun yi Magariba kuwa?"

Na ce, "Kai ka ja mu, Nazifi."

Ya dube ni, na ga ya gane abin da ya fito daga bakinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Gajiya ce. Don Allah, Kawu, ka rufa mini asiri. Asabar kawai. Daga nan in ka ga dama ka kai ni asibiti da kanka."

Ba wanda ya ce wa kowa ya yi shiru, amma kowa ya yi. Ku ma kun sani, mu a ƙasar mutane abu ɗaya muka riƙe, rufin asirin juna. Ɗan'uwanka ya makara ka ce yana bayan gida, ya yi rashin lafiya ka tsaya masa a bakin aiki don kada kamfani ya ji. Da haka muke rayuwa, ni ma an rufa mini ba sau ɗaya ba. Kuma Koci da likita ba su san me ake karantawa a salla ba, ba kuma za su taɓa sani ba idan wani daga cikin sahun bai buɗe baki ba.

Na koma ɗakinmu a unguwar Fereej Abdel Aziz da abin a raina. Na tuna abin da likita ya taɓa bayyana mana tun farkon aiki, cewa bugu na farko ba shi ne abin tsoro ba, na biyun ne, idan ya zo kafin ƙwaƙwalwa ta huce. Wani ya tashi lafiya, wani ya tashi ba shi ba ne, wani ba ya tashi. Ba wanda zai iya gaya maka a cikin ukun wanne ne naka. Na ji haushin yaron da ya ɗora mini wannan kaya, na kuma ji tausayinsa har cikin ƙashina.

Da safe na sami Koci a ofis yana kallon bidiyon atisaye. Na gaya masa abin da ya faru. Bai fahimta ba da farko, ya ce kowa yana mantuwa. Sai na ce masa wannan karatun tun Nazifi bai iya sa wando ba yake yin sa, kuma kullum yana maimaita shi safe da rana da dare.

Ya ce, "Kamar mutum ya manta sunansa?"

Na ce, "Sunansa zai fi sauƙin mantawa."

Ya kashe bidiyon. Ya tambaye ni su wa suka ji, na ce duk wanda ya yi sallar. Ya ce a cikinsu wa ya zo ya faɗa, na ce ni kaɗai. Ya murza gwiwarsa ya ce, "Usman, gaskiya zan gaya maka. Na so a ce ba ka shigo ofishin nan ba."

Ya dai kira likita. Likita ya sake duba Nazifi a natse a ɗaki mai haske, wannan karon abin bai ɓoyu ba, don fitila ma damun idonsa take yi. Ya ce hutu, ba karo, ba gudu, sai ya sake ganinsa a mako mai zuwa. Mudir yana ji ya taso. Ya ce makarantarsa ba ta ƙarƙashin wata hukumar wasa, maganar likita shawara ce, yaron baligi ne kuma shi da bakinsa ya ce zai buga. Ya juya ga Koci ya ce, "Kai ne mai fili. Abin da ka ce shi za a yi. Amma ka san abin da na kashe, khalas, magana ta ƙare."

A ka'idar wannan wasa, idan aka hana ɗan wasa shiga saboda bugun kai, ba a tsayawa gardama da shi, don ba ya ji. Koci yakan ba mai kula da kaya umarni ya ɗauke hularsa ya kulle. Na jira wannan umarnin ranar, bai zo ba. Na jira washegari Juma'a, bai zo ba. Koci yana wucewa ta ƙofar sito ba ya kallona. Ni kuma ba ni da ikon taɓa hular da kaina, tana nan rataye a ma'ajiyar Nazifi. A raina na gama yanke cewa tsohon nan ya zaɓi kujerarsa. Yaran kuwa sun riga sun san wanda ya kai magana, in na yi sallama sai a amsa a ciki-ciki.

Ranar Asabar da hantsi, kafin 'yan wasa su iso, Koci ya shigo sito. Idanunsa sun nuna bai yi barci ba. Ya ce in ɗauko hular. Na ɗauko zan kulle a kabad, sai ya miƙa hannu ya ce, "A'a, ba ni. Idan ka kulle, wurinka zai zo. Ni ya kamata ya zo wurina."

Duk da haka wurina Nazifi ya fara zuwa. Ya riga ya sa sulke, ya cika ƙofar sito, ya ce, "Kawu, ina hulata?" Na ce tana hannun Koci. Ya shiga jawo hulunan da ke kan kanta yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ko wadda ta wuce kunnensa babu. Ya jefar da ta ƙarshen ya nufi fili, na bi shi.

Koci yana zaune a benci, hular a cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai. Baƙon da ya zo daga Amurka yana tsaye gefensa, wani ƙaƙƙarfan mutum da baƙin gilashi, tun da ya shigo ginin bai cire shi ba. Mudir yana bayansu. Nazifi ya zo gaban Koci, wannan ƙaton mutum, ya durƙusa da gwiwa biyu a kan ciyawa a gaban kowa. Turancinsa ya gudu, da Hausa ya yi maganar, ni na fassara.

Ya ce, "Gaya masa kaina ne, ba nasa ba. Gaya masa na bar aikina saboda shi. In na mutu a filin nan na yafe masa, kowa shaida ne."

Na faɗa yadda ya faɗa, ban rage ba. Koci ya ce, "Gaya masa na ji. Gaya masa yau ba zai buga ba."

Baƙon ya sunkuyo ya ce wa Koci ya yi nisan tafiya, ba ya buƙatar wasa duka, karo biyu ko uku sun ishe shi ya rubuta abin da ya gani. Ya ce, "Koci, da can ba haka kake ba. Ni ma ka sha mayar da ni fili kaina yana juyawa."

Koci ya ce, "Na sani. Cire gilashinka ka gaya wa yaron nan abin da haske yake yi maka yanzu."

Baƙon ya miƙe tsaye, ya kalli wani wuri, bai cire ba. Wannan ban fassara wa Nazifi ba, don ba da shi ake ba, kuma ban ga alamar zai ji ba. Mudir ya tafa hannu ya ce yalla, a fara da waɗanda suke nan. Aka fara. Yaran suka yi iya yinsu, baƙon yana kallo don ladabi kawai. Nazifi ya koma ƙarshen benci ya zauna da sulkensa a jiki har aka tashi. Koci bai busa usur ko sau ɗaya ba, mataimakansa ne suka gudanar da komai, shi yana zaune riƙe da hular har fili ya watse.

Abin da ya biyo baya bai ba kowa mamaki ba. Baƙon ya tafi bai ɗauki kowa ba. A farkon mako Mudir ya kira Koci ofis, ya gode masa, ya karɓi makulli. Kafin zafi ya dawo an rufe makarantar. Kamfanin gadin ya ƙi mayar da Nazifi, ya nemi wasu wuraren bai dace ba, wa'adin zamansa ya cika. Kansa kuwa ya warke sarai, likita ya tabbatar, sai dai a lokacin ba mai buƙatar kan.

Ranar da zai tafi ya zo ƙofar ɗakinmu. Na ce ya shigo, ya ce ba zama ya kawo shi ba. Bai ce mini Kawu ba. Ya ce, "Malam Usman, Bature bai san Fatiha ba. Kai ka sani, kai na roƙa. Tsakanina da ku biyun, Allah ya isa." Ya juya ya sauka. Na kai shekara hamsin a duniya a lokacin, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan kalma, kuma ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Koci ma sai bayan haka ya bar Doha, ni na kai shi filin jirgin Hamad. A mota ya tambaye ni ko yaron ya yi mini magana, na gaya masa, na kuma bayyana masa nauyin kalmar a wurinmu. Ya ce in gaya wa Nazifi ya ɗora duka a kansa, ya saba. Na ce ba a raba ta haka. Da muka isa na tambaye shi abin da ya sa ya yi kwanaki bai ce a ɗauke hular ba. Ya ce, "Ina neman hanyar da zan ba shi ita ne, Usman. Duk tsawon aikina ina samun hanyar. Wannan karon na nema na rasa." Daga baya ɗaya daga cikin mataimakan ya gaya mini Koci bai sake samun aikin koyarwa ba, labari ya riga shi isa gida cewa ya kira mutum daga wata duniya ya hana shi ganin abin da ya zo gani.

Da na je hutu gida bayan wasu shekaru, na bi ta Malumfashi na neme shi. Na same shi a tasha yana lodin buhuna, lafiyarsa lau, ƙarfinsa yana nan. Na yi sallama, ya amsa, don dole ce, amma bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Da ka yi shiru, da yanzu ina can." Na ce wataƙila. Wataƙilar kuwa gaskiya ce. Zai yiwu da ya buga ranar ya tashi lafiya, ya tafi, ya gina wa mahaifiyarsa gida. Ba ni da gawar da zan nuna masa in ce ga abin da muka hana.

Abin da na koya ke nan game da wannan sana'a da mutanenta. Ana ɗaukaka koci ne da abin da aka gani a fili, ana kuma korarsa da shi. Abin da ya hana faruwa ba ya da shaida, ba mai tafa masa, wanda aka yi dominsa ma shi ne zai fi kowa tsanarsa. Koci ya yi shekaru yana mayar da yara fili kansu yana juyawa, yana samun ƙarin girma. Sau ɗaya ya ƙi, aikinsa ya ƙare a nan. Saboda haka idan likita ya ce a riƙe kayan wani, ku riƙe, amma kada wanda ya zo mini yana jiran godiya. Nazifi har yau bai yafe mini ba. Ni kuma ban koma na roƙe shi ba, don roƙon gafara sai da nadama, kuma na duba raina ban same ta ba.